Tsufa A Baƙunci Da Koyon Bautar Ubangiji

(Jawabin da aka karanta a madadin dattawa a taron zumunci na ƙarshen shekara na 'yan ƙungiyarmu Masihiyawa mazauna Legas. An buga shi yadda aka gabatar da shi saboda waɗanda ba su sami halarta ba.)

  Mun san wasu tun da asuba suka baro Agege, wasu daga Ojo, wasu daga Obalende da Idi-Araba da Mile 12, kuma duk wanda ya san cunkoson motocin garin nan ya san ba ƙaramin ƙoƙari kuka yi ba. Allah ya saka da alheri.

Shugabannin ƙungiya sun ɗora mana nauyin mu ce wani abu a kan tsufa da bautar Ubangiji. Ba don mun fi kowa sani aka zaɓe mu ba, furfura ce ta riga ta tona mu, ba wurin ɓuya. To, tun da an ba mu dama, za mu yi magana a fili irin ta cikin gida. In wata kalma ta yi wa wani ɗaci a yi haƙuri, ai magani ma ba don daɗinsa ake sha ba.

Abin da muke so mu bar muku yau guda ɗaya ne. Bautar Allah koyonta ake yi, kamar yadda ake koyon noma ko ɗinki, kuma kowane zango na rayuwa da nasa darasin. Darasin ƙuruciya shi ne ɗaukar kaya. Darasin tsufa kuwa, wanda ya fi wuya, shi ne mutum ya san ranar da zai sauke kayan nan ya ɗora wa na bayansa, sa'an nan ya ci gaba da hidima da abin da ya rage masa, ba tare da fushi ba.

"Sai na koma gida"

Bari mu fara da tuna yadda muka zo garin nan. Wasunmu aikin soja ne ya kawo su bayan an gama yaƙin basasa a 1970. Wasu aikin ɗan sanda, wasu aikin jirgin ƙasa, suka sauka a tashar Iddo da akwatin ƙarfe guda. Wasu gadi, wasu fataucin dabbobi da kayan gwari. Iyayenmu mata kuwa da yawa aure ne ya kawo su, suna 'yan mata ƙanana. Akwai na ƙasar Zazzau da Kano da Katsina, akwai na kudancin Kaduna, da Filato, da Bauci, da Gwambe, da Adamawa, da Barno. Kowa da harshen garinsu, amma Hausa ta haɗa mu a sujada, da ita muke addu'a, da ita muke waƙa.

Kusan kowa a cikinmu da ya sauka, cewa ya yi shekara biyu ko uku zai yi ya tara ɗan abin da ya tara ya koma. Ko ba haka ba ne, jama'a? To ga shi wanda ya zo a 1970 yana ɗan shekara 20 yanzu ya haura 70. An ɗauke babban birnin tarayya zuwa Abuja a 1991, wasu suka bi, mu muna nan. A nan muka haifi 'ya'ya, a nan muka aurar da su, a nan muka ga jikoki, wasu ma a nan muka binne abokan zamanmu.

Inda matsalar take shi ne, akwai wata magana da ta zauna a bakin mutanenmu da yawa. In aka ce wa mutum ya koyar a makarantar Lahadi, sai ya ce, "Ai ni baƙo ne, sai na koma gida." In aka ce ya shiga ziyarar marasa lafiya, sai ya ce, "Bari in yi ritaya tukuna." Ritaya ta zo, sai ya ce yana jiran kuɗin sallama ya gama ginin da ya fara a ƙauye. Haka shekaru suke ta wucewa, hidimar tana rataye a ƙusa kamar rigar Kirsimeti. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba durƙusawa yana ɗan shekara 40 ba, ranar da ya kai 70 gwiwa ta yi tauri, zuciya ma haka.

Mutanen Yahuza da aka kwasa zuwa Babila su ma haka suka yi zato, suna ganin gobe ko jibi za su koma. Annabi Irmiya ya rubuta musu wasiƙa, tana nan a sura 29 ta littafinsa, ya shaida musu zaman zai kai shekara 70, saboda haka su yi gini, su yi shuka, su yi aure, su kuma roƙa wa garin da suke ciki alheri. Mu ba bayi ba ne, da ƙafarmu muka zo, ƙasarmu ce kuma. In har waɗanda aka kai da ƙarfi an umarce su su bauta wa Allah a inda suke, mu wane uzuri ke gare mu?

Har ila yau, ba wanda aka ba takardar alkawari cewa zai tsufa. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a nan Legas da niyyar kai bishara ƙasarmu ta Arewa: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun rasu, Kent a Bida, Gowans a Girku. Bingham kaɗai ya rage, sai a 1902 aka sami kafa tasha ta farko a Patigi, kuma daga wannan aiki ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Ga kuma ɗanmu Dokta Byang Kato na ƙasar Kwoi, wanda Afirka duka ta san shi a fagen koyar da Maganar Allah, ya rasu a Mombasa ta ƙasar Kenya a 1975 yana da shekara 39 kacal. Da waɗannan mutane sun ce sai sun tsufa, da ba mu ji sunansu ba. Saboda haka ku matasa, wannan jawabi naku ne kamar yadda yake namu.

Darasi daga Lawiyawa

Yanzu mu zo kan mu da muka manyanta. Akwai wata ƙa'ida a Littafin Ƙidaya wadda ba a cika yin wa'azi a kanta ba, amma tana da amfani ƙwarai. Lokacin da Isra'ilawa suke tafiya a jeji, kabilar Lawi ce take da aikin alfarwar sujada. Duk sa'ad da za a tashi daga zango, su za su kwance alfarwar, su ɗauki kayanta, su sake kafa ta a zango na gaba. A sura 4 an ƙidaya mazajen da suke tsakanin shekara 30 da 50, waɗanda suka isa wannan aiki, aka sami mutum 8,580. A sura 7 an ba zuriyar Gershon amalanke 2 da shanu 4, an ba zuriyar Merari amalanke 4 da shanu 8, amma zuriyar Kohat ba a ba su ko ɗaya ba, domin kayan da ke hannunsu masu tsarki ne, a kafaɗa ake ɗaukarsu. Kun ga aikin na masu ƙarfi ne.

To, a sura 8 sai Ubangiji ya sa iyaka. Balawe in ya kai shekara 50, ya sauka daga aikin ɗaukar kaya. Amma ba a ce ya tafi gida ya kwanta ba. An ce ya zauna tare da 'yan'uwansa yana taimakonsu wajen lura da alfarwar. Wato kafaɗarsa ta huta, idonsa da bakinsa da saninsa suna nan a bakin aiki. Shi ya san wace igiya ce take tafiya da wane turke, shi zai ce wa yaro, "A'a, ba haka ake naɗe labulen nan ba."

Ba cewa muke yi duk wanda ya kai 50 ya ajiye muƙami gobe ba, zamani ya bambanta, aikin ma ya bambanta. Hikimar da ke ciki muke so a duba. Ubangiji ya san jikin mutum yana gajiya, ya kuma san zuciyar mutum ba ta son sakin abin da ta riƙe. Shi ya sa ya yi dokar da kansa, bai bar wa kowa ya zaɓi ranarsa ba.

A nan akwai cuta iri biyu da ke kama dattawa, kuma duka biyun muna ganinsu a ikkilisiyoyinmu da ƙungiyoyinmu. Ta farko ita ce ƙin sauka. Za ka ga mutum ya riƙe littafin kuɗi shekara 25, ido ya soma gazawa, lissafi yana rikicewa, amma in aka ce a ba wani sai ya ce, "Lokacin da muka kafa wurin nan kuna ina?" Gaskiya ne shi ya kafa, da shi aka yi sujada a ƙarƙashin rumfar kwano ruwa yana zuba. Amma aikin na Ubangiji ne, ba gadon gidan kowa ba ne. Sakamakon haka sai matasa masu ilimi da ƙwazo su gaji da jira, su sulale su tafi wani wuri, a bar tsofaffi suna kallon juna.

Cuta ta biyu ita ce fushi. Mutum ya sauka, ko an sauke shi a zaɓe, shi ke nan ya ɗauke ƙafa. In ya zo sujada ma sai ya zauna can baya ya naɗe hannu, yana jiran sababbin shugabanni su yi tuntuɓe ya ce, "Ai na faɗa." Wannan ya sauke kaya ya haɗa da hidimar duka ya ajiye.

Dubi Musa. Tun yana da rai ya tsai da Joshuwa a gaban jama'a duka ya ɗibiya masa hannu, domin kada a yi gardama bayansa. Dubi sarki Dawuda. An gaya masa ba shi zai gina Haikali ba, ɗansa ne. Bai yi zuciya ba, sai ya shiga tara duwatsu da ƙarfe da tagulla da katakon al'ul, domin Sulemanu ya tarar da kaya a shirye. Wannan shi ne tsufa mai albarka, mutum ya yi wahala saboda ginin da ba zai shiga ba.

Tsoho Barzillai

Akwai wani dattijo a littafin Sama'ila na biyu da ya kamata mu mazauna baƙunci mu san shi sosai, sunansa Barzillai, mutumin Gileyad. Lokacin da Dawuda ya gudu daga ɗansa Absalom ya isa Mahanayim, jama'arsa a gajiye ga yunwa ga ƙishi, wannan tsoho yana cikin waɗanda suka kawo musu shimfiɗu da tukwane da alkama da sha'ir da zuma da tumaki. Shekararsa 80. Bai iya riƙe takobi ba, amma yana da rumbu, sai ya buɗe rumbun.

Da tarzoma ta kwanta, sarki ya ce masa ya biyo shi Urushalima ya zauna a fada a riƙa kula da shi. Tsohon nan ya yi godiya ya ƙi. Ya bayyana wa sarki cewa harshensa ya daina rarrabe daɗin abinci, kunnensa ya daina jin muryar mawaƙa, in ya je fada nauyi kawai zai zama. Ya roƙa a bar shi ya koma garinsu ya mutu kusa da kabarin iyayensa. Sa'an nan ya gabatar da wani mai suna Kimham ya ce a tafi da shi a maimakonsa, alherin da za a yi masa a yi wa Kimham.

Abu uku muka gani a nan. Ya yi hidima da abin da ke hannunsa a lokacin da ake bukata. Ya faɗi gaskiya a kan ƙarfinsa, bai yi rinin gemu ya ce shi yaro ne ba. Da dama ta zo kuma ya tura na baya. Son komawa gida da ya yi ba laifi ba ne, mu ma da yawa muna da wannan buri, Allah ya cika mana. Amma ku lura, sai da ya gama hidima a inda bukata ta same shi ya yi zancen gida. Tambayar da muke yi wa kowane dattijo da kowace uwa a wurin nan ita ce, wane ne Kimham ɗinka? Wace yarinya kike koya wa jagorar Zumunta? In ba amsa, to aiki na nan gaba.

Aikin da ya rage wa dattijo

Wani zai ce, to in na sauka me zan yi? Aiki kam yana da yawa, har ya fi ƙarfin masu yinsa.

Na farko addu'a. Luka ya ba da labarin annabiya Hannatu, wadda shekara 7 kawai ta yi da mijinta ya rasu, ga ta tsohuwa tukuf, an ambaci shekara 84 a labarinta, ba ta rabuwa da Haikali, tana azumi da addu'a dare da rana. Ita da tsoho Saminu ne suka gane jariri Yesu ranar da aka kawo shi, alhali ma'aikatan Haikali suna ta kai da kawowa. A garin nan matashi yana fita ƙarfe 5 na asuba, ba ya dawowa sai dare ya yi, mota ta cinye masa rabin yini. Mu kuwa Allah ya ba mu abin da su ba su da shi, wato lokaci. Barcin da ke ƙaurace wa tsoho da tsakar dare, a mai da shi lokacin kiran sunayen 'ya'ya da jikoki da limamai da shugabannin ƙasa ɗaya bayan ɗaya a gaban Ubangiji.

Na biyu koyarwa a cikin gida. Manzo Bulus da yake yaba bangaskiyar Timoti, sai da ya koma ga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki, ya nuna daga can abin ya faro. Iyayenmu mata, wannan naku ne musamman, domin a hannunku ake barin jikoki in iyayensu sun tafi aiki. Jikokinmu suna jin Yarabanci da Turanci da Buroka, wannan abu ne mai kyau, arziki ne. Amma da yawa ba su iya gaisuwa da Hausa ba, balle harshen ƙauye. In aka shiga majami'a kaka tana sashen Hausa, jika yana sashen Turanci, ba su taɓa yin addu'a tare ba. Ranar da aka kai yaron nan gida, da wane baki zai gai da dangi?

Littafi Mai Tsarki na Hausa da muke riƙe ba daga sama ya faɗo ba. Dokta Walter Miller ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya zauna a Zariya, shi da abokan aikinsa Turawa da Hausawa suka yi shekaru suna fama da fassara, sai a 1932 aka buga littafin gaba ɗaya, lokacin yana da shekara 60. Abin da mutane suka tsufa a kansa, kada mu bar shi ya yi ƙura a kan kabad. Minti 15 kowane dare ya isa. Kaka ta karanta da Hausa, jika ya karanta da Turanci, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda kuma bai iya karatu ba, kada ya ji kunya ya ce jikansa ya koya masa, gemu ba ya hana neman ilimi.

Na uku faɗar gaskiya. Firist Eli ya kai shekara 98, ya shugabanci Isra'ila shekara 40, amma 'ya'yansa Hofni da Finehas suna ɓarna a gidan Allah, ya yi musu magana sama-sama bai hana su ba, ƙarshensa bai yi kyau ba. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. A yau akwai gidajen da yaro ba shi da sana'ar da aka sani, amma yana shigo da kuɗi da manyan wayoyi, uba ya karɓa ya sa albarka bai tambayi inda aka samo ba, don shi ma yana cikin matsi. Mun san matsin, ba labari aka ba mu ba. Duk da haka dattijon da ya ci irin wannan kuɗi ya sayar da bakinsa, gobe ba shi da ikon tsawatarwa.

Na huɗu sulhu. Ma'aurata matasa suna rabuwa a kan abin da zama ɗaya da dattijo zai warware. Haka nan tsakaninmu da maƙwabta. Mun yi shekaru muna zaune gida ɗaya da 'yan'uwanmu Musulmi da masu masaukinmu Yarabawa, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya. Su kawo mana naman Sallah, mu kai musu shinkafar Kirsimeti, in an yi rasuwa tare muke zaman makoki. Duk lokacin da wani labari mara daɗi ya taso daga gida, ko wata jita-jita ta shigo ta waya, dattawa ne suka san lambar juna, su ne za su iya taka ƙafa su je su zauna kafin yara su ɗauki zafi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Koyon karɓa

Akwai darasi na ƙarshe wanda ya fi duka nauyi. A ƙarshen bisharar Yohanna, Ubangiji ya shaida wa Bitrus cewa a ƙuruciyarsa shi yake shirya kansa ya tafi inda ya ga dama, amma in ya tsufa wani ne zai ɗaure shi ya kai shi inda ba ya so. An bayyana cewa irin mutuwar da zai yi ake nufi, amma kowane tsoho yana jin maganar nan a jikinsa. Mutumin da ya yi fareti a bariki, wanda in ya yi tsawa ɗaruruwa suke ƙamewa, yau sai an riƙe masa hannu ya tsallaka titi. Uwar da ta ciyar da gida da tuyar ƙosai shekara 30, yau sai an kawo mata.

A yawancin aikin gwamnati mutum yana ritaya in ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, kuma kowa ya san yadda jiran fansho yake. Masu gadi da 'yan kasuwa ma ba su da shi sam. Akwai iyayenmu a unguwannin nan da suke kwana da ciwo suna ɓoyewa, don kada a ce sun zama kaya. 'Yan'uwa, wannan kunya ba ta Allah ba ce. Wanda ya yi shekaru yana bayarwa, in ya karɓa da godiya ya buɗe wa wani ƙofar albarka. Ciwon suga da hawan jini ba a ɓoye su, a je asibiti a auna, a sha magani yadda likita ya ce, a kuma yi addu'a. Biyun ba sa faɗa da juna.

Ku kuma matasa, ku ji da kyau. Karɓar kaya daga dattijo ba da fizga ake yi ba. Bishop Samuel Ajayi Crowther, wanda aka naɗa a 1864, baƙar fata na farko da ya zama bishop a ɗarikar Angilika, ya yi shekaru yana aikin bishara a bakin kogin Kwara. A ƙarshen rayuwarsa wasu samarin Turawan mishan masu zafin kai suka zo suka raina aikinsa, suka dakatar da ma'aikatansa a gaban idonsa a 1890. A nan Legas ya rasu ranar 31 ga Disamba, 1891, da wannan baƙin ciki. Yau sunansa ake tunawa, su kuwa sai mai binciken tarihi. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ku karɓi aiki da ladabi, ku riƙa komawa kuna tambaya.

A wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti, sura 5, za ku ga ikkilisiyar farko tana da jerin sunayen gwauraye mata waɗanda suka kai shekara 60, an kuma ɗora wa 'ya'ya da jikoki nauyin kula da nasu tun kafin a zo ga ikkilisiya. Bisa ga wannan muna kawo shawara huɗu ga shugabannin ƙungiya. A rubuta sunan duk wanda ya haura 60 a cikinmu da unguwar da yake, a raba wa matasa, kowane tsoho ya sami mai leƙa shi ko sau ɗaya a wata, gama zumunta a ƙafa take. A ware wani kaso daga kuɗin wata-wata saboda magani da kuɗin motar masu son komawa gida. A sa wa kowane muƙami wa'adi, kuma kowane mai muƙami ya kasance da mataimaki matashi da yake koya wa aiki. Sa'an nan yaranmu masu waya su zauna da iyayen nan su ɗauki muryarsu, su ba da labarin yadda bishara ta shiga garuruwansu da yadda aka fara sujada da Hausa a garin nan, tun kafin a neme su a rasa.

Mu dattawa kuma a namu ɓangaren, kowa ya gyara gidansa. Wanda ake bi bashi ya faɗa, wanda yake da fili ko gida ya rubuta wasiyya a gaban shaidu, ya kuma faɗi inda yake so a binne shi, kada a bar gwauruwa da marayu cikin rigima da dangi. Wanda yake gaba da wani ya neme shi tun ana ganin juna. Wannan ma bautar Allah ce.

Shugaban taro, jama'a, mun ɗauki lokacinku, a gafarce mu, tsoho in ya sami masu saurare ba ya son yin shiru. Muna roƙon Ubangiji ya ba matasanmu kafaɗar ɗaukar kaya, ya ba mu dattawa zuciyar saukewa da hannun taimako. Ya warkar da marasa lafiyarmu, ya ta'azantar da gwauraye da marayu, ya zaunar da garin nan da ƙasarmu Nijeriya lafiya. Waɗanda za su yi tafiya gida bikin Kirsimeti, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ku gai da mutanen gida. Allah ya sa mu gama da kyau, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.